Tudun Bayan Ɗakin Inna

Bayan rasuwar Baba da kamar shekara biyu muka yanke shawarar sayar da gidanmu na ƙauye, can wajen Dandamisa. Na ce "muka" ne don kara, amma ni na yanke, ƙannena suka ce to. Ni ne babba, ni ne kuma mai yawan magana, saboda haka ba a cika jayayya da ni ba a gidanmu, sai dai a ƙyale ni in gaji don kaina.

Dalilina ba ɓoyayye ba ne. Gidan ya koma kango da mutum ɗaya a ciki. Ƙannena mata biyu suna ɗakunan mazajensu, ɗaya a Kudan, ɗaya a Ikara, autanmu kuma yana Kano yana sayar da kayan waya. Ni ina koyarwa a Zariya. Inna kaɗai ta rage, ita da kajinta da ciwon gwiwa da hawan jini. In damina ta yi nisa, hanyar ƙauyen sai babur, wani lokacin ma babur ɗin sai an sauka an tura shi. Akwai ranar da jiri ya kwashe ta a bakin rijiya, ba don wata maƙwabciya ta shigo aron turmi ba, da ban san abin da za a tarar ba. Tun daga ranar na sa aka gina mata ɗaki a gidana na Zariya, da banɗaki a ciki, na sa fanka, na shimfiɗa leda mai furanni. Ɗakin ya daɗe a kulle yana jiran ta.

Inna ba ta taɓa cewa ba za ta zo ba. Ita ba ta iya cewa a'a ba, tana da abin da ya fi a'a ƙarfi. In na tayar da maganar da bazara, sai ta ce a bari damina ta wuce. In damina ta wuce, a bari a yanke rake. In an yanke rake, ai ga azumi ya matso. Ko ziyara ta kawo mana, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ka ga ta ɗaure ƙullin kayanta, ko da magani ne likita bai gama rubuta mata ba. Na tambaye ta har bakina ya gaji, me ke riƙe da ita a gidan da babu kowa? Amsarta ɗaya ce, wai ba a barin gida shi kaɗai.

Ni kuwa mutum ne mai son dalili. Halin aiki ne, ɗalibi in ya kawo mini amsa bai nuna hanyar da ya bi ba, ba na ba shi maki. Abin takaicin shi ne da wannan halin nake komawa gaban uwata. Na ƙudurta a raina cewa muddin gidan nan yana hannunmu, Inna tana cikinsa, har ranar da za ta sake faɗuwa babu mai zuwa aron turmi. In an sayar kuwa, dole ta taso.

Kada a ɗauka babu shiri tsakanina da ita. A duk unguwarmu babu ɗan farin da ya sami sakewa da uwarsa kamar ni. Kowa ya san yadda ake yi, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta zama hira da shi, in ma aike ne sai ta kalli bango ta ce, "A ɗebo ruwa." Inna kuma daga gidan Fulani ta fito, inda kunyar ta fi tsanani. Amma ni tun ina yaro take ƙwala mini kira da sunana gatsau, daga madafi ana ji har ƙofar masallaci. Abokaina 'yan fari haushi suke ji, su kullum sai "kai" da "yaron nan". Da na girma har tinƙaho nake da abin. Na sha gaya wa matata cewa Inna ba ta yi boko ba amma kanta a waye yake, ba ta ɗaukar al'adar da ba ta da kan gado. Da bakin nan nawa nake faɗa.

Mai saye bai yi wuyar samu ba. Wani Alhaji ne ɗan kasuwar Makarfi, mai fataucin mazarƙwaila, yana son ya zaunar da babban ɗansa a ciki, zauren kuma ya mai da shi wurin ajiya. Muka zauna a rumfarsa, ƙudan zuma suna ta yawo a kan kaya, na ce masa kafin a ƙulla ciniki zan kawo wanda zai duba gidan daga sama har ƙasa. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Malam, gidan ƙasa ne fa. Na shiga, na fita, na gani. Wane dubawa kuma ya rage?"

Na ce masa addini bai yarda a ɓoye aibin kaya ba, ni kuma ba na son in miƙa masa gida gobe ya zo yana cewa an rufe shi. Abin da za a iya gyarawa a gyara, wanda ba za a iya ba a faɗa masa ya sani. Maganar gaskiya ce, amma akwai son a ce na iya a cikinta. Ina so a ce ɗan gidan wane ya sayar da gida irin na 'yan birni, babu wanda zai yi ƙorafi.

Wanda na ɗauko ƙanin wani abokin aikina ne, ma'aikacin gine-gine, mutum mai jiki da fara'a, kowa Injiniya yake ce masa. Muka isa da hantsi, a ƙarshen bazara, zafi kamar a bakin murhu. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da Inna, ya tambayi ƙarfin jiki, ya tambayi haƙurin rashi, ya tambayi kaji. Ta dama masa fura da nono mai kauri, ya shanye ya nemi ƙari ba kunya. Na yi mata bayani cewa shi kamar likita ne, amma na gidaje.

"To," in ji ta, "Allah ya sa ya same shi lafiya. Tsoho ne dai, a bi shi a hankali."

Daga zaure muka fara. Injiniya ya hau tsani ya soka ƙarfe a jikin azara, sai gari ya zubo mana a kai. Gara ta cinye cikin, ɓawon ne kawai ya rage. A ƙarƙashin azarar nan Baba yake zama bayan la'asar da littattafansa, ga ma ƙusar da yake rataye rediyo tana nan. Injiniya yana ƙwanƙwasa bango da ɗan gudumarsa, yana ɗaukar hoto da waya, yana cewa nan tsaga, nan kwano ya yi tsatsa, nan indararo ya toshe. Duk abin da ya faɗa haka yake. Amma tun a lokacin na fara jin wani iri, kamar na kawo baƙo yana ɗaga wa mahaifina riga yana nuna mini tabo. Na danne, na ce wa kaina aikin hankali nake yi.

Muka bi ɗakunan da muka tashi a ciki, muka leƙa rumbu, muka duba murfin rijiya da masai. Inna tana zaune a gindin bishiyar mangwaro tana tsince wake, ba ta ɗaga kai ba, amma na san duk inda muka taka kunnenta yana wurin. Da muka zo ɗakinta Injiniya ya nemi izini sau biyu kafin ya cire takalmi. Ɗakin tsaf, jeren kwanukanta suna ƙyalli. Ya tsaya yana shaƙar iska, sannan ya ce mu ɗan ja kabad ɗin nan. Da muka ja, sai ga bangon baya ya yi baƙi har zuwa gwiwa, yaɓen yana ɓarewa, warin danshi ya buso. Ya danna yatsa, yatsan ya shige.

"Ruwa yana kwanciya a bayan ɗakin nan," ya ce. "Ba na bana ba ne, ba na bara ba. In aka samu damina mai ƙarfi bangon nan zai iya zaunawa, kuma gadon tsohuwa a jikinsa yake."

Raina ya ɓaci. Ashe a cikin wannan sanyi take kwana, ni ina can ina sayen maganin gwiwa. Na ce mu zagaya.

Bayan ɗakin Inna wani ɗan lungu ne tsakanin bangon ɗakin da katangar gida, faɗinsa bai fi mutum biyu su jera ba. A tsakiyarsa akwai wani ɗan tudu, tsawonsa bai kai tabarmar sallah ba, da rabin dutsen niƙa a gefe ɗaya. Na san tudun tun ina yaro. An hana mu wasa a wurin, an ce akwai kunamu, wanda kuma aka kama yana fitsari a lungun, ranar sai ya gane kurensa. Kowace shekara kafin ruwan farko Inna takan ɗauki tsohuwar tasa ta ɗebo jar ƙasa daga bayan gari, ta kwaɓa, ta ƙara a kan tudun, ta lallaɓa da hannu. Mu a tunaninmu bango take karewa. Ranar ma ƙasar sabuwa ce, shatin yatsunta yana nan a jiki ya bushe.

Injiniya ya ce ga ɓarawon nan. Ya nuna mini yadda ruwan kwano yake sauka a lungun, maimakon ya bi gangare ya fita ta ƙofar kwata, sai tudun ya tare shi ya mayar da shi gindin bango. Maganin ba wuya, a baje tudun, a fitar da lambatu marar zurfi, a shafe lungun da siminti. Aikin da leburori za su gama kafin a ce me.

Ban ji tahowarta ba. Sai dai na juya na gan ta a bakin lungun, ta dafa bango, ɓawon wake a jikin zanenta.

"A bar wurin nan," ta ce.

"Inna, wurin nan ne yake jiƙa miki ɗaki. Shi ne ciwon gwiwar nan taki."

"Na ji. A bar shi."

"To saboda me?"

Ta kalli Injiniya, ta kalli ƙasa. Ta ce tana shanya a wurin. Na ce Inna, lungun da rana ba ta shiga, me ake shanyawa? Ta ce tun zuwanta gidan haka yake. Na ce ai shi ya sa bangon ya ruɓe. Na ci gaba da jero mata hujja kamar ina gaban allo, har da zana mata hanyar ruwa da tsinke a ƙasa. Injiniya ma ya ji nauyi, ya ce ko a bari a sake shawara. Ni na ce babu wata shawara, rai ake magana. Na sake tambayar ta, da muryar da har yau ba na son tunawa, in akwai dalili ta faɗa mini, in babu ta bar mu mu yi aiki.

Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta gyara ɗaurin kallabinta ta koma gindin mangwaro. Ni a wurina amsa ke nan, babu dalili.

A cikin makon ƙanwata ta Kudan ta haihu. Inna ta shirya zuwa suna, da niyyar ta kwana biyu ta dawo, don hadari ya fara leƙowa. Ni na kai ta da mota. Kafin in juyo na ja ƙanwata gefe na ce ta riƙe mini Inna, ta nuna mata cewa ruwan wankan jego ba ya yi mata daidai sai Inna ta dafa, ta ce duk abin da za ta ce, kada dai ta bari ta taho sai na kira. Ƙanwata ta yi dariya ta ce, "Yaya, kai dai ba ka rabo da dabara." Na ji daɗin maganar.

Washegari na kawo leburori, samari ne daga Makarfi. Aka canza azarar zaure, aka toshe kwano, aka ɗinke tsagar katanga. Lungun aka bari ƙarshe. Ina tsaye a kansu da hular rana aka sa diga a tudun. Ƙasar ta yi tauri, hawa-hawa take fita kamar ɓawon albasa, kowane hawa da launinsa. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni inda za a kai ta, na ce a cike ramin nan na ƙofar zaure da yake tara ruwa. Rabin dutsen niƙan kuma na ce a jefa cikin ɓaraguzai. Aka baje wurin daidai da ƙasa, aka ja lambatu a gefen katanga, aka zuba siminti aka shafe sumul. Na ɗebo bokiti na kwara, ruwan ya gangara ya fice ko ɗigo bai tsaya ba. Na ɗauki hoto na tura wa ƙannena, suka yi ta sa mini albarka.

Da siminti ya bushe na je na ɗauko Inna. A hanya ina ta ba ta labarin gyara, tana cewa madalla. Da muka shiga gida ba ta cire mayafi ba, ba ta nemi ruwa ba, ba ta ko kalli kajin da suka rugo mata ba, ta wuce bayan ɗaki kai tsaye. Na so in bi ta in nuna mata yadda ruwa zai riƙa bi, wani abu ya hana ni. Ta daɗe a can. Da ta fito fuskarta babu komai, ta ɗauki buta ta yi alwala, ta shiga ɗaki ta yi sallah, ko da yake lokacin sallah bai yi ba. Sannan ta kira sunana.

"Ka kira Alhajin," ta ce. "A sayar. Ka sa ranar da za ka zo da mota."

Wallahi murna na yi. Na fita ƙofar gida, ina tsaye a kan sabon cikon nan, na kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya ina cewa Inna ta yarda. Har na ce wa autanmu ka gani, tsofaffi sai an nuna musu a aikace.

Gwaggo ce ta zo daga Furana da ta ji labarin za a tashi. Yayar Baba ce, a gidan aka haife ta, ta ce ba za a miƙa shi ga bare ba sai ta zo ta yi masa sallama. Tsohuwa ce mai kaifin baki, tana dogara sanda, ba ta jin kunyar kowa. Ta bi ɗaki-ɗaki tana ambaton waɗanda suka rasu tana yi musu addu'a, ni ina biye da ita ina riƙe mata jaka. Inna tana cikin ɗaki tana naɗe kwanuka da tsofaffin zannuwa. Da muka zo bakin lungun Gwaggo ta yi sallama, abin da ya ba ni mamaki, don babu kowa a ciki. Sai ta ga siminti. Ta tsaya cak.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ni ne, na fara yi mata bayanin ruwa.

"Rufe mini baki da ruwanka! Kai ɗan nan, yayarka ce fa kwance a nan."

Na ce wace yaya, Gwaggo? Ai ni ne babba.

"Babba a ina? Au, kai duk zaman nan a zatonka kai ne na fari? Ka taɓa ganin Bafulatana ta kama sunan ɗan fari? Ka ji tana ƙwala maka kira kamar mai tallan nono, ba ka taɓa tambayar kanka ba? Ina amfanin karatun naka?"

Ta zauna a kan turmi ta ba ni labarin, muryarta ta yi ƙasa don kada a ji a ɗaki. Cikin farko na Inna, iyayenta sun riga sun yi kudu da shanu, babu gidan da za ta je goyon ciki, saboda haka a ɗakin nan ta haihu, Gwaggo ce ta karɓi haihuwar. Mace ce, an yi suna, an yanka rago. Ba ta kai arba'in ba zazzaɓi ya ɗauke ta, a tsakiyar damina, rafi ya cika ya raba gari da maƙabarta. Aka yi mata sutura aka sa ta a bayan ɗakin uwarta, yadda akan yi wa jarirai a da.

"Ko hawaye ba ta yi ba," in ji Gwaggo. "'Yar fari ce, ina ita ina kuka a gaban surukai? Har yaba mata aka yi ta yi, ana cewa yarinyar nan akwai kunya. Da tana raye ba ta kama sunanta ba, da ta mutu ma ba ta kama ba. Ubanku ya sani, ni na sani, sauran duk sun mutu. Abin da ya rage mata ke nan, 'yar ƙasar nan da take zubawa, wai kada ruwa ya tone mata yarinya. To ka ce ta faɗa maka dalili? Ta dubi idonka, kai ɗanta, ga baƙo a tsaye, ta ce nan 'yata ta fari take? Ai ko wuƙa ka sa mata ba za ta iya ba."

Na zauna a bakin rijiya na rasa inda zan sa idona. Duk abin yana gabana tun ina yaro, hanin wasa, tasar jar ƙasa, ƙullin kayan da ake ɗaurewa in hadari ya taso, har sunan nawa da nake taƙama da shi. Ban ga komai ba, sai hanyar ruwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta roƙe ni, iyakar roƙon da bakinta zai iya, ni kuma na haɗa baki da ƙanwata aka tsare ta a Kudan don in yi abin da na ga dama.

Na shiga ɗakin na durƙusa. Tana ta naɗe kwanuka, ba ta juyo ba.

"Inna, Gwaggo ta gaya mini."

"Gwaggonka da surutu."

Na ce ta yafe mini. Na ce yanzun nan zan nemo leburori a fasa simintin, a mayar da ƙasa yadda take, in je in ba Alhaji haƙuri a fasa cinikin, ta zauna a gidanta, in ya so ni in riƙa zuwa duk mako. Ina magana ina kuka, ƙato da ni, da furfura a gemu. Ta ɗaure bakin zanen da take naɗi, ta ajiye, sannan ta tambaye ni, kamar mai tambayar farashin gishiri:

"Likitan naka ya ce ruwa ba zai ƙara kwanciya a wurin ba?"

Na ce e, haka ya ce.

"Ko an yi mai yawa?"

Na ce ko an yi mai yawa.

"To shi ke nan. Abin da nake tsaro ke nan, ka rufe shi gaba ɗaya. Ni kuma ba ni da sauran aiki a nan. Tashi ka miƙo mini wancan kwandon."

Da ta zage ni, da ta yi fushi ta ƙi bin motata, da na sami abin riƙewa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Na tashi na miƙo kwandon.

Kafin a ƙulla cinikin na kira Injiniya na tambaye shi zurfin da aka tona, ya ce ba a wuce tudun ba sai ɗan lambatun gefen katanga, da na gaya masa dalili ya yi ta salati. Na nemo leburorin na tambaye su ko sun ga wani abu, suka ce ƙasa ce kawai. Na tona ɓaraguzai da hannuna har na samo rabin dutsen niƙan, na mayar da shi lungun na ajiye a kan siminti, a inda nake zaton nan yake, don ban tabbata ba. Sannan na je wa Alhaji da maganar. Na jera masa duk abin da aka gyara, na ce saura abu ɗaya da ba ya cikin hotuna. Ya saurara har na gama, ya cire hula ya mayar, ya ce shi ma akwai ƙaninsa a bayan ɗakin tsohuwarsa. Ya yi alkawarin babu mai tona wurin, zai ma sa ƙyaure a bakin lungun.

Ranar tashi Inna ta fito ta ƙofar zaure, ta taka cikon nan na jar ƙasa kamar kowa, ta shiga mota. Ban san ko ta gane ƙasar ba, ban kuma tambaya ba.

Yanzu tana Zariya tare da mu. Gwiwar ta yi sauƙi, jinin ya sauka, asibiti ga shi nan kusa. Jikokinta suna kwana a ɗakinta, matata tana cewa gidan ya yi albarka. Duk wanda ya zo sai ya ce na kyauta, na cika ɗa, ni kuma in ce Allah ya sa. Tsakar gidana duk siminti ne, babu inda za a sami ƙasa ko cikin tafin hannu. Tsohuwar tasar tana ƙarƙashin gadonta, na gan ta ranar da nake gyara mata fanka, ban san ta taho da ita ba.

In hadari ya haɗu takan jawo kujera ta zauna a bakin ƙofarta, hannuwanta a kan cinya, tana kallon gabas. Haka take zama har ruwa ya sauko. Sannan ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, ko can ma an samu? Ni kuma in shiga ɗaki in kira Alhaji, in gaishe shi, in tambayi kasuwa, in zagaya in zagaya har in zo kan lungun. Bawan Allah bai taɓa nuna ya gaji ba, yakan ce, "Malam, an yi ruwa, ya wuce, wurin a bushe yake." In fito in ce Inna, an samu, lafiya lau. Ta ce madalla.

Jiya ma haka aka yi. Ina komawa ɗaki sai na ji ta ƙwala mini kira da sunana, gatsau, yadda ta saba, har maƙwabta suna ji. Wai na bar gilashin mota a buɗe. Na ce na'am, Inna, na fita cikin ruwan na rufe.